Hannun Baba a Kan Sandar Tuƙi

Wata Asabar ce a farkon watan Mayu na shekarar 2014, ina da shekara goma sha ɗaya, Baba ya tashe ni ya ce in sa takalmin da na fi tsana, za mu je ganin jirginmu. Na ɗauka wasa yake yi. Mu da ke hawa na huɗu a wani tsohon bene a unguwar Tremont, ko keke ba mu da wurin jinginewa, ina mu ina jirgi? Amma muka shiga bas, muka canja zuwa jirgin ƙasa har ƙarshen layi, muka sake shiga wata bas da ta haye gada zuwa wani ɗan tsibiri da ke gefen yankinmu na Bronx, inda ko'ina ƙarnin kifi ne da warin fenti. A bayan wani shingen waya, cikin ciyawa, ga wani abu an ɗora a kan tsofaffin tayoyin mota. Kwale-kwale ne guda biyu sirara, masu launin ɗorawa da rana ta koɗe, an haɗa su da ƙarafa, an shimfiɗa baƙin tamfol a tsakaninsu, tsuntsayen teku sun gama yi masa ado da kashi. Baba ya ɗora tafinsa a kai yana shafawa. Ni kuwa na ce masa da Turanci wannan ai shara ce. Bai ji haushi ba. Ya ɗaga hannun dama ya nuna mini can nesa cikin ruwa, inda wata jar ganga ke lilo, irin wadda ake kafawa don nuna wa jirage hanya, ya ce, "Rakiya, kin ga jan abin can? Kahin sanyi shi dawo, da wanga hannu za ni zagaya shi in komo, in Allah ya yarda." Ban sani ba a ranar cewa hannun da ya ɗaga ya riga ya fara mutuwa. Shi ya sani, ko ya fara zargi, shi ya sa ya sa wa kansa wa'adi.

Baba mutumin Gaya ta Nijar ne, ɗan masunta, ubansa da kakansa a cikin kwale-kwale suka tsufa a kan kogin Kwara. Shekara goma sha shida ya yi yana tuƙa motar haya a birnin da ruwa ya kewaye ta ko'ina, yana haye gada ba adadi kowace rana, bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba. Wata rana ya ɗauko wani tsohon Bature mai suna Mista Leni, wanda ke kula da filin da ake ajiye ƙananan jirage a tsibirin. Da suka isa, Baba ya hango abin a kan tayoyi ya kasa tafiya. Ya ce haka suke ɗaure kwale-kwale biyu a gida in za a ƙetarar da shanu. Mista Leni ya ce tun babbar guguwar da ta yi wa birnin ɓarna a ƙarshen 2012 mai jirgin ya watsar da shi, in Baba zai iya gyarawa, ya ɗauka, ya rage masa shara. Wannan kalmar dai ni da Mista Leni muka yi tarayya a kanta.

Inna ba ta yi murna ba. Ita kitso take yi a falonmu, Asabar kuma ita ce ranar kasuwarta, ni ce mai miƙo gashi da kibiya, mai share abin da ya zube, mai sauka da jakar wanki zuwa shagon injunan wanki in dawo da ita a ka ina haki. Ga makarantar Islamiyya a ƙarƙashin masallacinmu, wanda a da shagon kayan miya ne. Abin da ya rage na ranar nakan ƙarar da shi a bakin titi, muna tsallen igiya da 'yan matan Gana da na Dominika, ko muna tsere a matakala har maƙwabciyarmu ta leƙo ta yi mana faɗa da yaren da ba ma ji. Inna ta ce ba ta taɓa ganin inda ake ba 'ya mace sifana ba, ta kuma raɗa wa jirgin suna bahon wanka. Baba ya ce 'yar da Allah ya ba shi ke nan, da ita zai yi. Aka daidaita a kan in riƙa zuwa Islamiyya ran Lahadi. Gaskiya ba son jirgi ya kai ni ba, gudun riƙon gashi ne.

Gangar jikin jirgin lafiyarta ƙalau, zanen da iska ke turawa ma ɗinki kaɗan ya nema. Duk ciwon yana baya, wurin kayan tuƙi. A gindin kowane kwale-kwale akwai wani faffaɗan allo da ke shiga ruwa ya juya jirgin. Mista Leni yana kiran su rada, Baba ya ce filafilai ne ko an ƙi ko an so, ni ma haka nake kiran su har yau. Kowanne yana rataye a kan maƙalin ƙarfe da aka ɗaure da noti a jikin jirgin, doguwar ƙusa ta ratsa su kamar hinjin ƙofa. Wata sanda ta gicciye ta haɗa su don su juya tare, a tsakiyarta kuma aka maƙala doguwar sandar tuƙi da matuƙi ke riƙewa. Wayon abin duka yana cikin wani ɗan baƙin makulli na roba wanda bai kai ƙwai girma ba, da sifirin a ƙarƙashinsa. In ka tura filafilin ƙasa ka danna hannunsa da ƙarfi, makullin zai yi ƙas ya riƙe shi a tsaye cikin ruwa. In filafilin ya bugi dutse ko yashi, makullin zai saki, filafilin ya ɗaga sama da kansa, ba abin da zai karye. Mista Leni ya nuna mana wannan sau uku, yana ɗaga murya a hankali kamar yadda Turawa ke yi wa baƙi, Baba yana gyaɗa kai don ladabi.

A watan Yuni muka fara shiga ruwa, ina sanye da rigar ceto da ta yi mini yawa, ina addu'o'in da ban san na haddace ba. Mista Leni ya koya wa Baba yadda ake sarrafa zanen, bai kuwa sha wahala ba, don Baba yana jin iska a kumatunsa tun kafin ta iso. Da jirgin ya ɗauki gudu, ruwa na fesowa ta ƙarƙashin tamfol, sai na ji Baba yana waƙa da wata murya da ban taɓa ji a gidanmu ba. Ba mu yi nisa ba filafilin hagu ya saki ya ɗago rabi, yana jan ruwa a baya, sandar tuƙi ta yi nauyi kamar mai jan buhun shinkafa a matakala. Jirgin ya juya hanci cikin iska ya tsaya cak, zanen yana kaɗawa yana marin kanmu. Sau huɗu ana haka kafin mu lallaɓa mu dawo.

Gishiri ne ya cinye makullan. Muka kwance su, Baba ya sato kwanon Inna muka jiƙa su a ruwan tsami, na goge su da tsohon buroshin haƙorina. Sifirin ɗin ya yi tsatsa har ya manne, sukurun da ke matse shi kuma ya ƙi motsi, sai da Mista Leni ya huda shi da inji. Muka jira sababbi sati biyu suka zo ta gidan waya, muka shafa musu giris, muka yi ta matsewa muna sassautawa, rabin juyi rabin juyi, har muka sami inda makullin ke riƙewa sosai amma in an buga filafilin da tafin hannu ya saki. Baba bai taɓa cewa sifana ba, kile yake cewa irin na mutanen Nijar, in abu ya zauna daidai kuma ya ce, "Bon, wanga ya ji magana." Ni ce mai riƙe noti a baki, mai rarrafawa ƙarƙashin jirgi in nemo abin da ya faɗi cikin ciyawa. Abin kuwa yana yawan faɗuwa. Kile yakan zame daga hannun Baba, ya ce giris ne. Ya fara ba ni ƙananan noti in ɗaure, wai yatsuna sun fi shiga lungu, daga baya ya fara ba ni manyan ma, ni kuma ina ta fankama an ɗauke ni babba.

Azumi ya same mu a tsakiyar zafi a shekarar. Muna aiki a gaban ruwa iya ganin ido, maƙogwaro a bushe, Baba yana tsokanata wai in ba zan iya ba in sha na teku, ba wanda zai gaya wa malaminmu. A lokacin ne muka yi fama da ciwo na biyu. In jirgin ya yi gudu, filafilan suna yin wani gurnani, sandar tana rawa a hannu. Mista Leni ya ce ba sa kallon wuri ɗaya. Na kawo tef ɗin awon ɗinkin Inna, muka ɗaga gindin jirgin a kan tayoyi, muka auna tazarar da ke tsakanin goshin filafilan biyu, muka auna ta bayansu. Ya kamata goshin ya fi kusa da juna da ɗan abin da bai wuce kaurin kwabo biyu ba, namu kuwa a buɗe suke kamar ƙafar agwagwa. Muka rage tsawon sandar gicciye muka sake hudawa. Dogayen ƙusoshin ma suna lilo a cikin maƙalansu, sai Baba ya yanka murfin robar man girki ya yi ƙananan zobba ya cusa, suka zauna daram. Ranar Mista Leni ya daina ɗaga masa murya.

Cikin watan Agusta aka gama komai. Mista Leni ya fita da jirgin shi kaɗai, ya dawo yana riƙe da sandar da yatsu biyu don mu gani, ya ce ko sabo bai fi haka ba. Baba ya karɓa muka fita, ba mu kai rabin hanyar ganga ba ya ce har yanzu da nauyi, akwai abin da muka manta. Muka dawo muka kwance. Asabar huɗu a jere muna kwance abin da ba shi da laifi, muna aunawa, muna shafa giris a kan giris. Na gaji, na yi fushi, na ce masa da Turanci ƙawayena suna can suna wasa a ruwan famfon titi ni ina nan ina warin mai. A Asabar ta huɗu, muna tsakiyar ruwa, hularsa ta so tashi ya ce in riƙe masa sandar. Na shirya jikina don in ja da ƙarfi, sai na ji ba nauyin komai, ko cokali ya fi ta. Na ɗan tura, jirgin ya bi, na dawo da ita, ya dawo. Na juya zan yi masa albishir an gyaru, sai idona ya sauka a kan hannunsa na dama da ke kan gwiwarsa. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya lotsa, ya zama rami, wata jijiya tana tsalle a ciki ita kaɗai. Na ɗago, ya ga na gani.

Muka koma gaɓa, muka shiga bas. Yana kallon taga ya ce, "Kada ki gaya ma innarki. Bari mu zagaya ganga tukuna." Ko ina yarinya na fahimci dalilinsa. In Inna ta ji, asibiti za a tafi, daga asibiti kuma za a karɓe masa makullin mota, jirgi kuwa ko zancensa ba za a sake yi ba. Na ce to. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan "to" ɗin ba, har da jakar wankin Inna.

A gida ne abin ya fi ciwo. Mu uku a faranti ɗaya muke ci tun tasowata. Sai Baba ya fara cewa ya ci a waje, ko ya ce a ajiye masa, in mun tashi ya shiga kicin ya tura ƙofa. Na leƙa sau ɗaya na gan shi a tsaye da cokali, yana fama. Yatsunsa sun daina iya murza lomar tuwo, shi kuma mutumin da ya taso inda ya taso ba zai kai hagu baki a gaban iyalinsa ba. Inna ta ɗauka girkinta ne ya gundure shi, ko wani laifi ta yi da bai faɗa ba. Ta canja miya, ta nemo busasshen kifi irin na gida daga wani shago a titin Grand Concourse, duk a banza. Wata la'asar na same ta tana wanke tukunya tana hawaye, ta tambaye ni ko Baba ya ce mini wani abu a kanta. Na ce a'a. Ban yi ƙarya a kalma ba, amma na san abin da na yi, kuma har yau ban gama yafe wa kaina ba.

Zuwa Satumba hannun ya kasa danna filafilan su kulle, ni kuma ba ni da nauyin da zan iya, ko na hau da cikina. Baba ba zai roƙi Mista Leni ya yi masa ba, don sai an tambayi dalili. Sai ya koma ga abin da ya sani. A kogi duk abin da ke motsi igiya ce maganinsa, ya nemo farar igiya ya ɗaure filafilan biyu a ƙasa tamau, yana ja da hagu da haƙori, da wani ƙulli na masunta da ba ya kwancewa. Mista Leni ya gani ya girgiza kai, ya ce an yi makullin ne don ya saki, wanda ya ɗaure shi ya ɗaure jirginsa ga dutse. Ya kuma miƙa wa Baba ɗan littafin da ke nuna lokacin cikar teku da janyewarta. Baba ya yi godiya ya sa a aljihu. Ba wai bai san teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini ba, a ƙwaƙwalwa ya sani sarai. Amma jikinsa na kogi ne. A Kwara ruwa yana da watannin hawa da watannin sauka, inda ka auna da safe haka za ka same shi da yamma, kuma mutum ya fi yarda da gorarsa a kan takarda.

Asabar ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallah, cikin Oktoba, ita ce ta ƙarshe kafin a kwashe jirage daga bakin ruwa. Da hantsi muka fita. Akwai wata 'yar hanya tsakanin duwatsu kusa da filin, wadda ke rage tafiya, Baba ya tsaya a kanta ya zura gora har ƙasa, ta nutse ta wuce tsayina, ya ce ga hanyar dawowarmu. Iska ta yi mana rowa ranar. Muka yi ta rarrafe a kan ruwa, muka yi azahar a zaune a kan tamfol, muka ci ragowar soyayyen naman Sallah da Inna ta ƙulle mana a leda tana mita. Sai wajen la'asar iskar ta taso gaba ɗaya, mai sanyi, jirgin ya zabura, jar gangar ta yi ta girma har na ga tsatsar jikinta da tsuntsun da ke zaune a kanta.

Zagaya ganga yana buƙatar a tura sandar a riƙe ta da ƙarfi har hancin jirgin ya ƙetare iska. Hannun hagun Baba yana riƙe da igiyar zane, wadda ta fi ƙarfina nesa ba kusa ba, don haka dama ce kawai ta rage wa sandar, ita ce kuma ya yi wa alkawari. Ya tura, yatsun suka buɗe da kansu, sandar ta kuɓuce, jirgin ya tsaya yana kaɗawa. Ya koma baya ya sake zuwa, ya matse sandar da wuyan hannu, ta sake zamewa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ba fushi, ba kuka, kamar wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansu aka ce ba a san shi ba. Ya daɗe yana kallon gangar. Sannan ya ce, "Taho nan, ɗiyata." Na matso, ya sa ni na kama sandar, ya ɗora hannunsa a kan nawa. Ba shi da nauyi ko kaɗan, sanyi kawai na ji. Ya ce, "Kada ki dubi hannunki, dubi inda za ki. Haka ubana ya ce mini. Tura." Na tura. Jirgin ya juya a hankali, zanen ya haye kanmu ya cika ta ɗaya gefen, jar gangar ta wuce ta damanmu kusa har ina jin ƙarar sarƙarta. Baba ya yi hamdala a hankali, bai ɗauke hannunsa ba har muka kama hanyar gida.

Da gudu muka shigo 'yar hanyar nan ta tsakanin duwatsu, rana tana idonmu. Awa shida ke nan da Baba ya auna ta, teku ta janye, inda gora ta nutse da safe yanzu ruwan bai kai gwiwa ba. Na ji wata ƙara a bayana kamar an fasa ƙofa, na kife a kan tamfol. Filafilin dama ya bugi dutse, makullin da muka yi wata biyu muna lallashi ya so ya saki, igiyar Baba ta hana. Sai maƙalin ƙarfen ya tumɓuke gaba ɗaya, da notinsa da guntun jikin jirgin, ya bar rami ruwa yana shiga. Sandar gicciye ta lanƙwashe ta cije ɗaya filafilin ma. Baba ya saki igiyar zane, ya ce in koma kan kwale-kwalen hagu in zauna don mai ramin ya ɗaga. Ya jawo wani filafilin hannu na katako, irin na masunta, da ya sassaƙa da kansa yake ajiyewa a ƙarƙashin tamfol, ya durƙusa a gindin jirgin, ya matse kan filafilin a hammatar dama, ya kama da hagu, ya shiga tuƙi da dukan jikinsa. Ina kuka ina kallonsa, amma ko cikin kukan na lura da yadda bayansa ke lanƙwasa yana miƙewa, ba gaggawa, ba ɓata motsi. Ranar kaɗai na ga mutumin da Baba yake kafin ya zama direba.

Mista Leni ya shigo ruwa da wandonsa ya ja mu zuwa gaɓa. Ya dubi ramin, ya dubi igiyar, na jira ya ce ai na faɗa. Sai ya dubi hannun da ke rataye a gefen Baba, ya tambaye shi tun yaushe. Baba ya ce tun sanyin bara. Tsohon ya shiga rumfarsa ya kawo mana tawul.

Mun isa gida dab da magariba, a jiƙe, mutane a bas suna matsawa daga kusa da mu. Bayan sallah Baba ya ce wa Inna ta zuba mana tare. Ta dube shi, ta zuba. Muka zauna, sai ya miƙa hannun damansa ya ajiye a kan tabarma a gabanta, ya gaya mata komai, tun daga kofin shayin da ya fara faɗuwa har zuwa ganga. Inna ta ɗauki hannun ta juya shi, ta sa yatsanta a cikin ramin. Sannan ta dube ni ta ce, "Ke kin sani?" Na gyaɗa kai. Ba ta yi mini faɗa ba, na kuwa so a ce ta yi. Ta wanke hannu, ta murza loma, ta tsoma a miya, ta kai bakinsa. Baba ya rufe ido ya karɓa.

Likitoci suka ce ciwon jijiyoyi ne da ke cin ƙarfin jiki gaɓa bayan gaɓa, ba a kuma san maganinsa ba. Kafin ƙarshen shekarar ya mayar da makullin mota. Hagu ta bi dama, ƙafafu suka bi hannaye. Mutanen masallaci sukan zo gaishe shi ran Juma'a su cika falon da Inna ke kitso, shi kuma ya ce in ba su labarin ganga. Nakan ce Baba ya zagaya ta da hannunsa kamar yadda ya yi alkawari, shi kuma ya katse ni ya ce, "A'a, ɗiyata ta tuƙa, ni rakiya na yi mata," su yi dariya saboda sunana, ni in ji haushi. Kullum haka, ni in faɗi nawa, shi ya gyara. Daga baya harshensa ya yi nauyi, yakan ɗaga gira kawai in na zo wurin. A ƙarshe na ba da labarin wata Juma'a daga farko har ƙarshe, ba wanda ya gyara mini. Ya rasu a farkon 2017, cikin tsananin sanyi, aka binne shi a wata maƙabarta a New Jersey, nesa da kowane kogi.

Yanzu an sayar da filin, an gina gidaje masu baranda a wurin, Mista Leni ma na ji ya rasu. Jirgin tun a waccan shekarar aka yanka shi aka zubar, shara dai kamar yadda na faɗa tun farko. 'Yan matan benenmu ba sa tsallen igiya a bakin titi, kowa na ɗaki da wayarsa. Ni da Inna har yau a faranti ɗaya muke ci, kuma ban sake ɓoye mata komai ba. Ba ni da jirgi, ban sake taka ɗaya ba, amma kowace safiya kafin in fita aiki sai na duba a waya ƙarfe nawa teku za ta cika, ƙarfe nawa za ta janye. Ɗan baƙin makullin yana cikin akwatina, jar gangar kuma tana nan inda take, ana hango ta daga kan gada in gari ya yi haske. Duk wanda ya tambaye ni, har gobe cewa nake Baba ne ya zagaya ta da hannunsa. Ina faɗa in ɗan yi shiru, ko za a gyara mini.